Me ya haɗa ginin DNA da hasken gwajin cuta?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje ce a wani asibiti a nan cikin Katsina, ina kuma shirin komawa karatun digiri na biyu. Ina ta cin karo da rubuce-rubuce cewa ana ƙera wasu mitsi-mitsin siffofi da DNA don a ƙara ƙarfin ƙyallin rinin da ake gano cuta da shi. Iya sanina DNA kayan gado ne. Ta yaya ya zama kayan gini, ta yaya kuma gini zai ƙara wa rini haske? Sannan abu ne da zai iso irin ɗakunan gwajinmu, ko sai dai mu ji labari?

Amsa: Malama, barkanmu dai, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara da ƙarshen tambayar. Wani ɓangare na abin ya riga ya iso, mai yiwuwa ma da hannunki kika sarrafa shi a makon nan. Duk katirij ɗin GeneXpert da aka zuba wa kaki don gwajin tarin fuka, a cikinsa akwai 'yan guntayen DNA da aka tsara su naɗe kansu cikin wata siffa ta musamman, kuma siffar ce ke kunna haske ko ta kashe shi. Wannan shi ne mafi sauƙin ginin da ake yi da DNA, kuma wanda ya fahimce shi ya kama bakin zaren sauran.

Kin san aikin rini mai ƙyalli tun daga oramin da ake rina kaki da shi a duba a maikiroskof mai fitilar LED. A haska masa haske na wani zango, ya haɗiye, ya mayar da wani mai zango mafi tsawo. Rinin fulorasin yana karɓar shuɗi wajen nanomita 490 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), ya mayar da kore wajen 520. Cy5 yana karɓa wajen 650, ya mayar wajen 670. Matsalar ita ce ƙwayar rini guda ba ta ba da wani hasken kirki, kuma ba ta daɗewa, tana ƙonewa bayan ta sha haskawa. Ga kuma samfurin da kansa yana ƙyalli: ruwan jini, kaki, takardar tsiri, har robar bututu, kowanne da nasa. Rinin da bai kama komai ba, yana yawo a ruwa, shi ma yana haske kamar wanda ya kama. To aikin mai tsara gwaji biyu ne, ya ɗaga hasken gaskiya, ya danne na ƙarya. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi kuwa, duka biyun magana ce ta tazara, tazarar da ba ta wuce 'yan nanomita ba.

Ga misalin da ya fi fito da abin. In aka kawo rini kusa da wani rini da ya dace da shi, ko kusa da wani sinadari mai shanye haske, ƙarfin da na farkon ya ɗauka sai ya tsallaka zuwa na biyun ba tare da ya fito a matsayin haske ba. Theodor Förster ne ya yi lissafin wannan a Jamus a 1948, kuma lissafin ya nuna tsallakawar tana raguwa ne bisa tazara ninkin kanta sau shida. A yawancin rinin da ake haɗawa, a tazarar nanomita 5 rabin ƙarfin ke tsallakawa. A mayar da tazarar nanomita 10, abin da ke tsallakawa bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Wato matsawar nanomita 5 kacal ita ce tsakanin duhu da haske. Sai tambaya ta zama: wane abu ne zai iya riƙe sinadarai biyu a daidai wannan tazarar, ba ƙari ba ragi, a cikin ruwa, sau biliyoyi a lokaci guda?

A nan DNA ya shigo, kuma ba don saƙon gadon da yake ɗauke da shi ba. Don awonsa ne. Kaurin igiyar DNA mai harɗe biyu nanomita 2 ne. Haruffanta huɗu ne, A, T, G da C, kuma kowane harafi da abokinsa suna ƙara mata tsawon nanomita 0.34, tana kuma cika zagaye ɗaya a haruffa 10 da rabi. A yana kama T, G yana kama C, ba sa saɓa alƙawari. Don haka in kina son rini biyu su tsaya nanomita 5 tsakani, ki ƙirga haruffa 15. Ga shi kamfanoni suna haɗa guntun DNA da kowane jeri aka rubuta musu, su liƙa rini a harafin da aka zaɓa. Babu wani kayan aiki a wannan ƙanƙanta da ke ba mutum irin wannan iko da araha haka.

Sanjay Tyagi da Fred Kramer su suka fito da abin da ke cikin katirij ɗin can a 1996. Guntun DNA ne mai igiya ɗaya, haruffa biyar zuwa bakwai na farkonsa sun dace da na ƙarshensa, don haka yakan lanƙwaso ya haɗa kai da wutsiya, tsakiyarsa ta zama zobe. A kai an ɗaura rini, a wutsiya an ɗaura mai shanye haske. Muddin a rufe yake, shiru. Da jerin da ake nema ya zo ya kama zoben, sai igiyar ta sandare ta miƙe, kai ya rabu da wutsiya, haske ya tashi. A Xpert MTB/RIF, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a watan Disamba na 2010, irin waɗannan guda biyar ne ke kwance a kan wani yanki mai haruffa 81 na jerin gadon ƙwayar tarin fuka da ake kira rpoB. In dukkansu sun haska, ƙwayar tarin fuka ce mai jin rifamfisin. In ɗaya ya ƙi haskawa, harafi ya sauya a wurin, alamar ƙwayar ta bijire wa maganin. Ki lura ba sai an wanke komai ba, domin wanda bai kama ba a kashe yake. Rabin matsalar hasken ƙarya ke nan an magance ta da lanƙwasa guda.

Manyan gine-ginen kuwa sun samo asali daga Nadrian Seeman, wanda a 1982 ya kawo shawarar a riƙa haɗa igiyoyin DNA su yi rassa da mahaɗa maimakon miƙaƙƙen layi. An shafe shekaru ana fama da ƙananan siffofi kafin Paul Rothemund na Caltech a Amurka ya fito da dabarar da ake kira origami a 2006. Ya ɗauko doguwar igiya guda ta ƙwayar bairos M13, mai haruffa sama da 7,000, ya zuba mata gajerun igiyoyi kimanin 200. Ki tuna yadda ake ɗinkin faifai: doguwar ciyawa ce ake naɗewa layi kusa da layi, kaba tana shiga tana ɗaure kowane layi da maƙwabcinsa. Haka gajerun suke yi, kowace rabinta ya kama wani wuri a doguwar, rabinta ya kama wani wuri can nesa, ta jawo su ta haɗa. Bambancin kawai a nan babu mai ɗinki. Ana haɗa su a bututu ɗaya da gishirin magnisiyam, a ɗumama zuwa kusan digiri 90, a bari ya huce sannu a hankali, su harhaɗa kansu. Abin da ke fitowa shimfiɗa ce mai faɗin kusan nanomita 100, kuma tun da kowace gajerar igiya an san mazauninta, kowane gurbi a shimfiɗar yana da adireshi, a tazarar wajen nanomita 6. A 2009 rukunin William Shih a Harvard suka ɗaga abin ya zama mai tsayi da kauri, ginshiƙai da bututu.

Abu na farko da zai zo wa kowa a rai shi ne a tara rini da yawa wuri ɗaya. Daidai ne, amma duk wanda ya taɓa cika wa antibodi rini ya san in ya yi yawa haske raguwa yake yi, saboda ƙwayoyin rinin in sun matsu da juna suna kashe juna. A kan shimfiɗar origami ana iya jera sama da 100, kowace a gurbinta, da tazarar da za ta hana su taɓa juna, sai hasken ya ƙaru daidai da adadin. Ana kuma cakuɗa launuka bisa ƙididdiga, ja kaza kore kaza, kowane haɗi ya zama lambar wata cuta. Sai wata ƙaramar siffa mai kusurwa huɗu kamar dala, wadda rukunin Andrew Turberfield a Oxford suka bayyana a 2005, da igiyoyi huɗu kacal ake yin ta. Ƙafafu uku su dafe a kan gilashi ko zinariya, kan na huɗu ya riƙe igiyar kamu a tsaye. Amfaninta ba ƙarami ba ne, don igiyar kamu in an bar ta ita kaɗai kwanciya take yi a ƙasa ko ta sarƙe da 'yan'uwanta, abin da ake nema ya zo ya rasa wurin kamawa. Chunhai Fan a Shanghai ya yi aiki mai yawa a kan wannan.

Amma wanda ya fi jan hankali, kuma ina zaton shi kika fi cin karo da shi, shi ne na zinariya da azurfa. Ƙwayar zinariya mai faɗin nanomita 100 in haske ya dake ta, lantarkin jikinta yakan yi rawa tare da hasken. A ajiye biyu kusa da juna, sai ƙarfin hasken ya taru ya ninka a ɗan tsukin da ke tsakaninsu, su zama kamar eriya. Rinin da ke cikin tsukin nan yana shan haske fiye da na waje, yana kuma sakin nasa da sauri, har yakan fitar da haske mai yawa kafin ya ƙone. Masana sun daɗe da sanin wannan. Abin da ya gagara shi ne ajiye rinin. In ya matsa ya kusa taɓa ƙarfen, ƙarfen ne zai shanye hasken gaba ɗaya, a tashi babu komai. In ya yi nisa, babu riba. Wurin da ake so 'yan nanomita ne, kuma a da sai dai a watsa rini a kan ƙarfe a yi fatan wasu su faɗa daidai. A 2012 Guillermo Acuna da Philip Tinnefeld, a lokacin suna Braunschweig a Jamus, suka gina ginshiƙin origami, suka ɗaura ƙwayar zinariya ta nanomita 100 a kowane gefe, tsuki nanomita 23, suka kafa ƙwayar rini guda a tsakiya. Hasken ya ninka har sau 117. Ginshiƙin bai ƙara ko ɗigon haske da kansa ba. Riƙo kawai ya yi, ya tsayar da abubuwa uku inda ya kamata su tsaya.

Wannan ginin na farko yana da aibi, domin DNA ɗin ginshiƙin shi ya cika tsukin, babu wurin da abin da ake nema zai shiga. A 2021 rukunin, sun koma Munich, suka sake tsarin da ginshiƙai biyu da fili a tsakani, suka yi amfani da azurfa, suka samu ninki har sau 461. A cikin filin suka kafa igiyoyin kamu na wani guntun jerin OXA-48, wanda ke sa ƙwayar Klebsiella pneumoniae ta bijire wa magungunan kabapenem. Guntun ya zo ya kamu, wata igiya mai rini ta zo ta kama shi, sai ɗigo ya haska. Hasken ya kai a ga ƙwayar rini guda da kyamarar wayar hannu, da ƙaramar leza da ruwan tabarau mai araha, a kan batir. Ga mai aiki inda wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Sai dai a nan nake so ki yi hattara, don a nan ake yawan ruɗar ɗalibai. Ganin ƙwaya guda daban, gano cuta mai ƙarancin ƙwaya a jini daban. Ki yi lissafi: samfurin da ke da femtomol ɗaya na abin da ake nema a kowace lita, maikirolita ɗaya daga cikinsa ƙwayoyi kimanin 600 ne kacal yake ɗauke da su. Kowace sai ta yi yawo a ruwa har ta dace da wani tsuki mai faɗin nanomita 20 da 'yan kai. Eriya komai ƙarfinta ba ta jawo abin da ake nema, jira take yi, kuma jiran yana iya kai sa'o'i. Na biyu, gwajin 2021 ɗin da guntun DNA da aka haɗa a ɗakin gwaji aka yi shi, aka zuba shi cikin ruwan jini. Tsakanin wannan da jinin majiyyaci akwai fasa ƙwayar cuta, da fitar da DNA ɗinta, da raba igiyoyinta biyu, aikin da katirij ɗin GeneXpert ke yi a ɓoye kuma shi ne rabin darajarsa. Na uku, adadi irin 117 da 461 na mafi kyawun ɗigo ne, matsakaicin ya yi ƙasa da haka, don ƙwayoyin ƙarfe ba sa fitowa girma ɗaya cif. Duk takardar da ta ba ki ninkin haske ba ta ba ki mafi ƙarancin abin da ta iya ganowa a samfurin majiyyaci ba, ki karanta ta a matsayin kimiyyar haske, ba a matsayin gwajin asibiti ba.

Ni a ganina abin da ya fi kusa da mu shi ne dabarar da Robert Dirks da Niles Pierce suka bayyana a 2004. Igiyoyi ne iri biyu, kowace a lanƙwashe a rufe, suna zaune tare ba ruwan wata da wata. Da jerin da ake nema ya buɗe ta farko, sai ta buɗe ta biyu, ta biyu ta buɗe wata ta farko, haka har sarƙa ta yi tsawo, kowane gaɓa da rininsa. Ƙwaya guda ta jawo ɗaruruwan rini, ba inzayim, ba injin sauya zafi. Rashin inzayim shi ne abin so, don inzayim ne ke tilasta mana firji. Rauninta kuma zafi ne: lanƙwasar da aka tsara don ɗaki mai digiri 22, in ta haɗu da Katsina a watan Afrilu, wasu za su buɗe da kansu, sarƙa ta tashi ba tare da cuta ba.

Ba DNA kaɗai ake kamawa ba. Akwai aftama, guntayen DNA da ake zaɓowa daga tarin biliyoyi saboda suna naɗewa su cafke furotin kamar yadda antibodi ke yi, dabarar da ta fito a 1990. Rukunin Julian Tanner a Jami'ar Hong Kong sun samo wadda ke kama inzayim ɗin LDH na ƙwayar Plasmodium falciparum mai kawo zazzaɓin cizon sauro, har an ɗora ta a kan origami. Dalilin da ya sa wannan ya shafe mu a fili yake. Nijeriya na ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma yawancin tsirin da muke gwaji da shi furotin HRP2 yake nema. HRP2 yana daɗewa a jini makonni bayan an warke, shi ya sa yaro zai sha magani ya dawo da zazzaɓin wata cuta daban, tsiri ya ce maleriya. An kuma samu ƙwayoyin da suka zubar da jerin HRP2 gaba ɗaya, a Peru, sannan a Eritiriya da Habasha. LDH kuwa yana ɓacewa da wuri, amma tsirinsa bai kai na HRP2 kaifi ba in ƙwayoyin sun yi ƙaranci. Wurin da ƙarin haske zai yi aiki ke nan. A 2020 rukunin Xing Wang a Amurka suka nuna wata hanya da bairos ɗin dengi: tauraro mai tsini biyar, an jera aftama a jikinsa daidai da yadda furotin ke jere a fatar bairos ɗin. Aftama guda kamunta sako-sako ne, amma da yawa a lokaci guda riƙo ne mai ƙarfi, kuma riƙon ne ke jan ginin ya raba rini da mai shanye haskensa.

Game da ƙarko, DNA busasshe yana jure zafi fiye da antibodi nesa ba kusa ba. Ginin origami a ruwa kuwa yana da maƙiya biyu. Jini bai da magnisiyam da ya kai wanda aka gina shi a ciki, sai igiyoyin su fara ture juna, ga kuma inzayim masu yanka DNA. Ana rufe ginin da wani sinadari mai suna oligolaisin, ko a lulluɓe shi da silika, ko a ɗinke haruffan T da hasken UV kamar yadda rukunin Hendrik Dietz suka nuna a 2018. Kowanne ƙarin mataki ne da ƙarin kuɗi. Azurfa kuma tana dusashewa in ta daɗe, abin da kowace mai awarwaron azurfa ta sani.

In da ni ne ke duba aikinki, ba zan bar ki ki nufi eriyar zinariya ba. Tabbatar da cewa ginin ya fito daidai sai da maikiroskof na lantarki ko na AFM, mai shafa saman abu da ɗan tsinke don fitar da siffarsa, ga tsadar igiyoyi 200 da kuɗin waje. Igiya mai lanƙwasa, da sarƙar Dirks da Pierce, da dalar nan mai igiyoyi huɗu kuwa, duk ana iya yin su da abin da za a samu a sashen kimiyyar sinadaran halitta na jami'a: injin PCR don ɗumamawa da hucewa, jel don ganin ko sun haɗu, da injin qPCR ko mai karanta faranti don auna haske. Tsarin jerin kuma a manhajar NUPACK ake gwada shi a kwamfuta kafin a sayi ko igiya ɗaya. Ki nemi mai duba aiki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ki kuma tabbatar da injin da za ki yi awo da shi kafin ki rubuta taken bincike, ba bayan an amince da shi ba.

Tambayar da za ki iya amsawa fiye da mai ɗakin gwaji a Munich ita ce yadda waɗannan siffofi ke yi a yanayinmu. Ki busar da su, ki ajiye kashi a firji, kashi a digiri 45, ki riƙa auna hasken ƙarya mako-mako. Ki gwada tsawaita wuyan lanƙwasar da harafi ɗaya ko biyu, ko ƙara masa G da C, ki ga inda yoyon ke tsayawa ba tare da gwajin ya yi nawa ba. Ki yi da ruwan jini na gaskiya, bayan izinin kwamitin ɗa'a, har da wanda jini ya fashe a cikinsa da na masu shawara da na masu sikila, don su ne ke cika teburinki. Himogulobin yana shanye haske sosai wajen nanomita 415, da kuma tsakanin 540 da 580, bilirubin kuma wajen 450, don haka fulorasin zai wahalar da ke. Ki ɗauki rini ja irin Cy5, can sama da 600, inda jini bai cika tsoma baki ba. A kowane faranti ki bar rijiyar da babu abin da ake nema a ciki, da wata mai jerin da ya saɓa da harafi ɗaya, kuma da hunturu ki rufe farantin tun daga zubawa har karantawa, don ƙurar da ta sauka a rijiya tana watsa haske ta ɗaga miki awo.